Neman shawara: gatarin hawan ƙanƙara, wanne zan saya da ɗan kuɗin da na tara?

Ɗan Zazzau (Calgary):

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu za su yi dariya, a yi dariyar amma a ba ni amsa, matambayi ba ya ɓata.

Shekarata uku a Calgary ina karatu. Hunturu biyu na farko a ɗaki na yi su, daga makaranta sai gida, ina lissafin kwanakin da suka rage sanyi ya wuce. Bara wani abokin karatuna ya matsa mini muka je Grotto Canyon kusa da Canmore, inda ruwan da ke gangarowa daga dutse yake daskarewa ya zama bango. Aka ɗaura mini igiya daga sama, aka ɗaura mini ƙarafa masu farata a takalmi, aka miƙo mini gatari biyu aka ce bismillah. Ban kai rabi ba hannuwana suka mutu, amma tun daga ranar abin ya shiga raina. Zuwa yanzu na fita sau bakwai, kullum da kayan haya, kullum igiya daga sama. Matakin WI3 (ma'aunin wahalar hawan ƙanƙara ne, lamba na ƙaruwa bango na ƙara tsayuwa) ina hawansa ba laifi. Sau ɗaya na gwada WI4, ya nuna mini iyakata.

Na gaji da haya, don duk zuwa gatarin da za a ba ni daban ne, hannuna bai saba da ko ɗaya ba. Na tara dala 900 ta Kanada. Da na shiga kanti sai kaina ya ɗaure. Akwai mai ƙota da ɗan lanƙwasa kaɗan irin Petzl Quark da Black Diamond Viper. Akwai mai doro sosai da mariƙi a karkace irin Petzl Nomic da Cassin X-Dream. Wani da guduma a ƙeya, wani da abu kamar gizago, wani ba komai. Ga kuma wani harafi T da na gani a jikin wasu. Mai kantin ya ce duk masu kyau ne, wato bai ce komai ba ke nan.

Burina in ƙware a ruwan da ya daskare, amma ina kuma sha'awar wata rana in hau tsauni tun daga gindi, ta cikin dusar ƙanƙara. Wanne ya dace da ni?

Na Gwammaja:

Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mu nan muna sayen ƙanƙara leda-leda don a sanyaya zoɓo, kai kuma kana neman gatarin dala 900 ka sare ta a banza. In ka saro ka aiko mana, azumi na tafe.

Maman Ilham:

Ɗana, tsakani da Allah iyayenka sun san kana wannan abu? Karatu aka tura ka. Ni dai ban san komai a kan gatarin ba, amma ko wanne za ka saya, kada ka riƙa zuwa kai kaɗai. Allah ya tsare.

Ɗan Zazzau (Calgary):

Amin Mama, na gode. Sun sani, har hoto na tura wa Hajiya, ta kwana biyu ba ta ɗauki wayata ba. Ba a yin abin nan mutum ɗaya, dole sai da mai riƙe maka igiya a ƙasa.

Baban Sadik (Norway):

Ƙanina, barka da shigowa cikin mahaukata. Hunturuna shida ina zuwa Rjukan, garin da ke cikin kwari, wanda rana ba ta leƙa shi kusan rabin shekara har sai da suka kafa manyan madubai a kan tsauni a 2013 don su harbo haskenta tsakiyar gari. Rashin ranar nan shi ya sa ƙanƙararsu take daɗewa ba ta narke ba, kuma ruwan da ya daskare a wurin ba ya ƙirguwa.

Amsata a gajarce: sayi mai doron, Nomic ko ɗan'uwansa. Bari in gaya maka dalili, don ni hanyar da kake shirin bi na bi, kuɗi biyu na kashe.

Dukkansu tsawonsu kusan ɗaya ne, santimita 50. Nauyi ma ba wata tazara, Quark giram 550, Nomic 585. Abin da ya raba su siffar ƙota ce da mariƙi. Ƙanƙarar da ta daskare daga ruwa ba sumul take kamar bangon siminti ba, tana da ƙulu-ƙulu da tumbi, wani wuri kamar an jera tukwane a kife. In ƙotarka ta kusa miƙewa, kana kai sara bayan irin wannan tumbi, ƙotar ce za ta fara bugun ƙanƙara kafin bakin ya shiga, ko kuma gaɓoɓin yatsunka su sha bugun. Doron shi ke ba ka sarari, ƙota ta tsallake tumbin, baki ya faɗa inda ka nufa.

Mariƙin kuma shi ne babbar magana. A bango a tsaye, rataye kake da hannunka. Mariƙin da ke layi ɗaya da ƙota yana sa wuyan hannunka ya karye, sai ka damƙe da ƙarfi don kada ka suɓuce, damƙar nan kuwa ita ke kashe damtse. Mariƙin da aka karkata baya yana barin hannu ya zauna yadda Allah ya halicce shi, ƙaramin yatsa ya kwanta a kan ƙugiyar ƙasa, sauran yatsun su huta. Za ka iya rataya da sako-sakon riƙo. Akwai kuma mariƙi na biyu a samansa, inda za ka kama da ɗaya hannun in kana son canja hannu ko ka girgiza wanda ya gaji. Wannan WI4 da ta kayar da kai, na tabbata ba ƙarfi ka rasa ba, damƙa ce ta cinye ka.

Kai da ke zaune awa ɗaya da 'yan mintoci daga Canmore, nan da hunturu biyu manyan ruwan da ke daskarewa irin su Louise Falls da Professor Falls za ka riƙa hange, daga baya Weeping Wall. Duk wanda na sani da ya riƙe abin nan da gaske a mai doro ya ƙare. Ka sayi na ƙarshen tun farko.

Yaya Asabe (Glasgow):

Baban Sadik, ban ƙi maganarka ba, amma ka amsa rabin tambayar ka bar rabi. Yaron nan ya ce yana son hawan tsauni ta cikin dusar ƙanƙara. A nan mai doro yake zama kaya.

Ƙanina, ka lura da gindin ƙotar. Quark da Viper suna da tsinin ƙarfe a ƙasa. In kana hawan gangare mai dusa, kan gatarin kake kamawa ka soka ƙotar cikin dusar kamar sanda, ita ce ƙafarka ta uku. A Quark har ƙugiyar da yatsa ke kwanciya a kai ana naɗe ta don ƙota ta shige salin alin. Mai karkataccen mariƙi kuwa gindinsa kamar kan kwagiri yake, ba ya shiga dusa mai tauri, sai dai ka yi ta dangwale. In kuma ana so a buga ƙusar dutse a tsaga, guduma a kan ƙota mai doro tana kai bugu a karkace, sai ka sha wahala.

Wani abin da masu son doro ba sa faɗa: a ƙanƙarar da ba ta miƙe sosai ba, irin WI2 da WI3 da kake kai yanzu, bakin mai doro ya cika sunkuyawa. In ka kai sara irin na faskare, gindin mariƙin ke riga bakin isa, ko saman bakin ya daki ƙanƙara ya yi tsalle. Shi sararsa daban ce, gwiwar hannu a sama, a ƙarshe ka karya wuyan hannu kamar mai jefa ƙwallo ƙasa. Ana koyo, amma mai ɗan lanƙwasa ya fi yafe wa ɗan koyo, sararsa ita ce wadda hannunka ya riga ya sani.

Mu nan Scotland hawanmu gauraye ne. A Ben Nevis da Cairngorms rana ɗaya za ka bi dusa, ka sari ƙanƙara, ka sari ciyawar da ta daskare, ka cusa baki a tsagar dutse ka murɗa. Ni da gatarin kamfanin DMM na Wales na fara, yanzu Quark nake riƙewa, kuma ban taɓa jin shi ne ya hana ni hawa wani abu ba. Ni ce dai ba na iyawa. Kafin a ƙirƙiro mariƙin nan na zamani mutane sun hau Polar Circus, doguwar hanyar ƙanƙara ta can wajenku, da gatarin da yau ba wanda zai kalle shi.

Maganar guduma da gizago: gizagon don sassaƙe dusa ne, a yanka matakala ko a share ruɓaɓɓiyar ƙanƙara kafin a ɗaura sukurun da ake maƙala igiya a jikinsa. A tsauni yana da amfani. A ruwan da ya daskare kuwa hatsarinsa ya fi amfaninsa, don in gatari ya fizge daga ƙanƙara fuskarka yake nufa, kuma gizago wuƙa ne. Aikin jinya nake yi, na san yadda goshi ke zubar da jini. Kan gatarin zamani da noti aka ɗaure shi, ka kwance gizagon ka ajiye sai ranar tsauni.

Baban Sadik (Norway):

Yaya Asabe, ai ranar da zai hau tsauni sai ya sayi gatarin tsauni mai miƙaƙƙiyar ƙota, guda ɗaya ne kuma da araha. Shi ne ma ya dace da tsayar da kai in ka zame a gangare. Bakin da ya lanƙwasa baya irin na Quark da Nomic duka cafkewa yake farat ɗaya ya fizge daga hannu. Abin da aka ce yana yin komai, yawanci ba ya yin ko ɗaya har ƙarshe.

Yaya Asabe (Glasgow):

Gaskiyarka a kan tsayar da kai. Amma ɗalibi ne mai dala 900, kai kuma kana lissafi da albashin Norway.

Ɗan Damagaram (Grenoble):

Ina gaishe ku duka. Ni aikin injiniyan ƙarafa ya kawo ni Faransa, kuma Crolles, inda kamfanin Petzl yake, nan kusa da mu ne. Bari in ɗauki tambayar harafin T tun da ba wanda ya taɓa ta.

A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 13089 da ake gwada waɗannan gatura da ita, mu nan fiyole muke ce musu. Ta kasa su biyu. Kashi na 1, wanda a da ake sa wa harafin B, na tafiya a dusa da ƙanƙara ne. Kashi na 2 shi ke ɗauke da T, an gwada shi da nauyi da murɗa fiye da na farko, don a iya cusa shi a dutse a rataya. Abin lura, baki da ƙota kowanne da nasa gwajin. Za ka iya samun ƙota mai T a ɗaura mata baki wanda ba T ba. Kuma kada ka ɗauka T na nufin ya fi kyau a ko'ina. Baki mai kauri, kusan milimita 4, shi ke jure murɗa a dutse, irin aikin su Yaya Asabe. Na ƙanƙara zalla an sirantar da tsininsa zuwa kusan milimita 3, don siririn baki yana shiga ba tare da ya tarwatsa ƙanƙara ba.

Wannan ya shafe ka ƙwarai, don sanyin wajenku ba irin namu ba ne. In awo ya sauka 20 ko 25 ƙasa da sifiri, ƙanƙara tana bushewa ta zama kamar gilashi. Kana sara sai ta ɓare kewaye da bakin, faifai guda ya ɓallo ya faɗo maka ko ya faɗa kan na ƙasa. Baki mai kauri ko dakusasshe ya fi jawo haka. Ga kuma 'yan ƙarafan nauyi da ake ɗaurawa a kan bakin. Kada ka raina su. A busasshiyar ƙanƙara su ke sa gatari ya shiga da sara ɗaya maimakon uku, nauyin kai ya yi aikin da damtse zai yi. In iskar Chinook ta busa muku gari ya yi ɗumi ƙanƙara ta yi laushi, kana iya cire su.

Gardamar da Baban Sadik da Yaya Asabe suke yi ma tsohuwa ce. Gatarin farko na Alps dogon sanda ne mai miƙaƙƙen baki, aikinsa yanka matakala. A 1908 Oscar Eckenstein ya tsara ƙarafan takalmi masu tsini goma, maƙerin Courmayeur Henry Grivel ya ƙera su, a 1929 ɗansa Laurent ya ƙara tsini biyu a gaba, mutum ya iya fuskantar bango da yatsun ƙafa. Gatari ne ya rage a baya. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Yvon Chouinard na Amurka ya gajarta ƙota ya lanƙwasa baki ƙasa, a 1970 Hamish MacInnes na Scotland ya fito da Terrordactyl, ƙarfe zalla, bakinsa a sunkuye sosai. Yana kama ƙanƙara, amma masu amfani da shi yatsunsu sun ji jiki saboda ƙotar gajera ce kuma a miƙe. Daga baya kamfanin Simond na Chamonix suka fito da baki mai lanƙwasa ta baya kamar ayaba, wanda yake shiga kuma yake fita da sauƙi, shi ne har yau a kan duk gatarin da ka lissafa. Doro da karkataccen mariƙi sun zo ne da aka daina ɗaure gatari a wuyan hannu da maɗauri. Duk lokacin da mutane suka koma bango mafi tsayuwa, gatarin sai ya ƙara lanƙwasa.

Tun da na ambaci maɗauri: yau yawanci ba a ɗaure hannu. Abin da ake sawa wata igiya ce mai talewa daga gindin gatari zuwa ɗamarar ƙugu, don kada ya suɓuce ya faɗi ƙasa a doguwar hanya. Ba a yi ta don ta tare faɗuwar mutum ba, kada ka dogara da ita. A gajeren bango da igiya daga sama ba ka ma buƙatarta.

Ni in za ka ji tawa, je ka kama mariƙin da safar hannun da kake hawa da ita, ba da hannu tsirara a kanti ba. Nomic ana matsar da ƙugiyar ƙasansa daidai girman hannu. X-Dream kuma ana sauya kusurwar mariƙinsa, ɗaya ta ƙanƙara ɗaya ta dutse, wasu masu ƙananan hannu sun fi jin daɗinsa. Masu ƙotar zaren kabon irin Black Diamond Cobra ko Grivel Dark Machine ba sa ɗaukar sanyi kamar alminiyam kuma ba sa karkarwa a hannu, amma kuɗinka ba zai kai can ba, kuma roba da za ka naɗa a ƙota ta kusa yin wannan aikin.

Baba Maƙeri (Kano):

Salamu alaikum yara. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta firiji ba, jikana ne ya karanta mini, ya nuna mini hotunan. Amma gidanmu ƙira muka gada, kuma abin da na gani ruwa ne da ƙota, ba wani abu ba.

Fartanya da gatari da gizago duk ruwa ne da ƙota. Abin da ya raba su yadda ruwan ya zauna a kan ƙotar, wani a buɗe wani a tsuke. Wanda ya zo ya ce a yi masa mai kyau, tambayarsa muke yi, me za ka sara, kuma a tsaye za ka yi aikin ko a duƙe? Sannan mu dubi tsawonsa da tafin hannunsa. Ƙotar da ta yi wa wa daidai tana iya fasa wa ƙane hannu. Shi ya sa na fi yarda da maganar ɗan Damagaram, ka kama ka ji.

Abu ɗaya zan ja maka kunne. Na ji an ce ana wasa bakin. Kada ka kai shi injin wasa wuƙa. Injin yana zafafa tsini, in ka ga ya yi shuɗi to ƙarfen ya saki, taurin da aka ba shi a wuta ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Sa magagari, a hankali, tura gaba kawai, kuma ka bi siffar da maƙerinsa ya ba shi, kada ka ƙirƙiro taka.

Ɗan Damagaram (Grenoble):

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne a rubuce cikin takardar da ke zuwa da gatarin, da hannu ake wasawa ba da inji ba. Mu mun yi shekaru a aji kafin mu san haka.

Malam Na Edmonton:

Ranka ya daɗe Baba, mun gode. Ɗan Zazzau, ni maƙwabcinka ne, tafiyar awa uku ke tsakaninmu, kuma zan ɓata maka lissafi. Ka ce kayan haya kake amfani da su. Har da takalmi? In har da takalmi, to gatari ba shi ne na farko ba.

Da ƙafa ake hawan ƙanƙara, gatari riƙo ne kawai. Takalmin haya da ya yi maka yawa, dunduniya tana ɗagawa a ciki, tsinin gaba ba zai zauna ba, sai ka ji ba ka yarda da ƙafarka ba, sai ka ɗora duk nauyinka a hannu. Daga nan ko gatarin zinariya aka ba ka damtse zai mutu. In kuma ya matse ka, a sanyin Alberta yatsun ƙafa kake wasa da su. Gatarin aro yana yi wa kowa aiki, abokin hawanka ma zai sauko ya miƙa maka nasa tun da da igiya daga sama kuke yi. Takalmi kuwa ba a aronsa a ji daɗi.

Ga yadda zan kasa kuɗin in ni ne. Takalmi sabo mai taurin tafi wanda ya zauna a ƙafarka, hular kwano taka ta kanka in ba ka da ita, abin da ya rage ka nemi gatari na hannu. A Calgary da Canmore ana sayar da su da yawa, musamman ƙarshen hunturu. Igiya da ɗamara ba na sayen na hannu, don ba ka san abin da suka gani ba, amma ƙarfe yana nuna ciwonsa. Kama kan ka girgiza, in yana motsi a kan ƙota ka bar shi. Dubi ƙotar ko ta lotsa ko ta tsage, dubi notin ko an cinye kansa. Bakin da ya cinye ba matsala ba ne muddin har yanzu ana sayar da irinsa, sai ka sa kuɗin sabo cikin ciniki. Wannan ma dalili ne na tsayawa kan sanannen samfuri. Ka kuma tuna ɗai-ɗai ake sayar da su a kanti, farashin da ka gani a rataye sai ka ninka.

Kafin ka saya, cibiyar ba da hayar kayan fita ta Jami'ar Calgary tana da kayan ƙanƙara, kantunan Canmore ma haka. Ɗauki iri biyu rana ɗaya, ka je Junkyards, wurin koyon hawa kusa da Canmore, ka hau layi ɗaya sau uku da wannan sau uku da wancan. Gani ya kori ji.

Sai abin da ya fi gatari muhimmanci. Will Gadd, mutumin Canmore ɗin nan da ya hau ƙanƙarar Niagara a 2015, ya kuma je ya hau ragowar ƙanƙarar Kilimanjaro, shawararsa ga masu koyo ita ce su yi hawa kusan 150 da igiya daga sama kafin su fara jan gaba, wato hawa ba tare da igiya daga sama ba. Dalili, faɗuwa a ƙanƙara ba irin ta dutse ba ce, faratan takalmi suna cafkar bango ƙafa ta karye. Kai fita bakwai ka yi. Sannan da yawa daga hanyoyin wajenmu a ƙarƙashin mazubar dusa suke. Cascade da ake hangowa daga titi kusa da Banff mai sauƙi ce a hawa, amma abin da ke samanta ya kashe mutane. Yi kwas ɗin AST 1 na sanin hatsarin zubowar dusa, ka saba duba sanarwar Avalanche Canada, masu gargaɗi kan wannan hatsarin, kafin ka fita. Maman Ilham ba ta yi kuskure ba da ta tsorata.

Na Gwammaja:

To ni dai yanzu na gane. Ashe gatarin ma da akwai na ɗan koyo da na oga, kamar Keke Napep da tirela. Baba Maƙeri, ko za ka ƙera masa biyu mu aika ta kago? Dala 900 a canjin yau ai sai mu raba.

Baba Maƙeri (Kano):

Ɗan nan, abin da ran mutum zai rataya a kai ba na ƙera shi da ka.

Ɗan Zazzau (Calgary):

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mako uku ke nan, na bi shawarar Malam Na Edmonton. Na ɗauki hayar mai ɗan lanƙwasa, abokina ya zo da Nomic ɗinsa, muka yini a Junkyards muna musanya.

Baban Sadik, gaskiyarka. A ɗan wurin da bango ya miƙe tsaye, da mai doron na tsaya na saki hannu ɗaya na girgiza shi, abin da ban taɓa iyawa ba. Yaya Asabe, ke ma gaskiyarki. A inda ya kwanta sai da na yi sara uku-uku kafin ya kama, abokina yana ta ce mini in karya wuyan hannu, hannun ya ƙi ji. Amma abin da ya fi ba ni kunya, ya ɗauke ni bidiyo daga ƙasa, na ga dunduniyata tana rawa a cikin takalmin haya, ƙafa tana zamewa, ni kuma ina ta zargin gatari. Da na sauko jini ya dawo yatsuna, zafin da na ji har sai da na durƙusa ina jin amai, duk saboda damƙa.

Don haka takalmi na saya, ya ci fiye da rabin kuɗin. Da ragowar, da ɗan abin da na ƙara daga kuɗin cefane, na samu Quark biyu na hannu wajen wata mata da ta koma mai doro. Na girgiza kan kamar yadda aka ce, ba motsi. Baki ɗaya ya ɗan dakushe, na sayo magagari na bi shi a hankali, Baba, ban kai shi inji ba. Na yi rajistar AST 1 na watan gobe. Hawa na 150 kuwa na buɗe shafi a waya ina ƙirgawa, ina kan 31.

Baban Sadik (Norway):

Ka ga matar da ta sayar maka ina ta koma? Nan da hunturu biyu za mu sake wannan magana. Allah ya sa albarka.

Yaya Asabe (Glasgow):

In ya koma ma ba asara, zai samu ɗan koyo ya sayar masa. Ƙanina, gizagon fa?

Ɗan Zazzau (Calgary):

Na kwance shi Yaya, yana cikin durowa tare da fasfo.